Littafin Jana'iza na Majami'un Farko: Abin da Ya Faɗa da Abin da Ya Bari

Littattafai iri biyu ne. Akwai wanda mutum ɗaya ya ke zama ya tsara, ya zaɓi magana mai daɗi, ya sa sunansa a bango. Akwai kuma wanda hannu da yawa suka tara, layi ɗaya yau, layi ɗaya bayan wata biyu, wanda ya fara ma har shi kansa ya shiga ciki, wani ya rubuta shi. Irin na biyun nan za mu auna, watau littafin jana'iza da 'yan Mishan suka riƙa ajiyewa a majami'unsu farkon zamanin Turawa. Ba hikaya cikinsa, ba waƙa, ba wa'azi. Duk da haka littafi ne, kuma kowane littafi ana iya ɗora shi bisa ma'auni, a ga inda ya cika da inda ya tauye.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Zakirai da littafin majami'a, alhali a wancan zamani ba majami'a ko ɗaya a ƙasar Gabasawa? To, a yi haƙuri a bi mu. Mai gini ya kan duba ginin maƙwabcinsa, ko ba zai kwana ciki ba.

Asalinsa

A Ingila abin ya samo tushe. Cikin 1538 Tomas Kuramwel, wazirin Sarki Henri na Takwas, ya ba da umurni kowace majami'a ta sami littafi, ran Lahadi limaminta ya rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne cikin mako. Aka ce a ajiye littafin cikin akwati mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun liman, ɗaya a hannun dattawan majami'a. Wanda ya yi sakaci a ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu. Ka ga tun farko sun san abu biyu ke kashe rajista, watau lalacin marubuci da hannun mai son ya canja abin da aka rubuta.

Cikin 1812 aka yi doka a raba littattafan uku, kowanne da nasa shafi bugagge. Na jana'iza aka yi masa gida shida a kowane layi: lamba, da suna, da mazauni, da ranar binnewa, da shekaru, da sunan wanda ya yi jana'iza. Mutum takwas ke cika shafi. Wannan tsari shi ne Majami'ar Ingila ta saba da shi, shi ne kuwa abin koyi ga 'yan Mishan ɗinta na C.M.S. duk inda suka je.

Tun kafin wannan doka wani ɗan kasuwa na birnin Landan, Jon Girant, ya nuna abin da a ke iya fitarwa daga lissafin matattu. Ya tattara takardun da akawunan majami'u su ke bugawa kowane mako, ya yi ta ƙirga, cikin 1662 ya fitar da littafi. Ya kimanta cewa cikin yara 100 da aka haifa, wajen 36 ba su kai shekara shida. Da annoba ta auka wa Landan cikin 1665, waɗannan takardu suka lissafta mutum 68,596 da ta kashe, masana kuwa sun ce adadin gaskiya ya fi haka. A riƙe wannan, don za mu komo kansa: rajista ta kan faɗi abu mai yawa, amma ta kan rage.

Zuwansa ƙasarmu

Labarin Mishan a ƙasar Hausa da kaburbura ya fara. Cikin 1894 Walta Gowans, ɗaya daga samari uku da suka kafa Mishan ɗin da aka sani da S.I.M., ya mutu a Girku, kudu da Zariya, abokinsa Tomas Kent kuma ya mutu a Bida cikin shekaran nan. Cikin 1900 Bishof Tugwel ya taso daga Ikko da mutum huɗu, cikinsu har da Likita Mila, suka iso Kano. Sarkin Kano Alu ya ƙi su zauna, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka koma Girku, can ɗayansu, Dudli Raida, ya kwanta ciwon atini, ya mutu.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari ba za a taɓa addinin mutane ba. Saboda haka aka tsare 'yan Mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi. Zariya ce aka yi wa sassauci, Likita Mila ya zauna cikin birni tun 1905, har Mishan ɗin ta tashi ta koma Wusasa cikin 1929, inda aka gina majami'ar nan ta ƙasa mai bakan gizo irin ginin Hausa. A Kano kuwa, jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, aka yanka Sabon Gari bayan ganuwa, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas suka zauna, suka gina majami'unsu. Ƙauyukan Kano ba a bar Mishan ta shige su ba sai cikin shekarun 1930, musamman ta hanyar jiyyar kutare, kamar a Yadakunya.

Wuri ɗaya ya cancanci a tsaya kansa, shi ne Gimi, tsakanin Zariya da Kano. Akwai waɗansu mutane da a ke kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, suka watse, da yawansu suka nufi wajen Ningi. Cikin 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila. Aka tara su a Gimi, aka yi gidaje da makaranta da majami'a, aka ba su wani limami baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, Rabaran Tomson. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya shiga, ya yi ta ɗauka, har garin ya mutu, waɗanda suka saura aka komo da su Zariya. Hausawa ne, manoma ne kamar mu, ƙudan tsando na bakin rafi ya cinye su. A irin wannan wuri ne littafin jana'iza ya ke zama tarihin gari dungum.

Inda ya yi kyau

Kyansa na fari, yana daidaita mutane. Bishof layi ɗaya, ɗan dako layi ɗaya, jaririn wata uku layi ɗaya. Ba wurin kirari, ba wurin zuga. Wanda ya taɓa riƙon rajista ya san yadda hannu ya kan so ya ƙara wa babba kalma ya rage wa ƙarami. Gida shidan nan sun ɗaure hannun marubuci, ɗaurin kuwa alheri ne. Likkafani ɗaya ne ga sarki da talaka, wannan shafi ma haka ya yi.

Na biyu, ana rubuta shi a kan kari, gawa na shiga rami tawada na bushewa. Mu kuwa da me mu ke riƙe lokaci? Da manyan aukuwa. Tsofaffi su kan ce wane ya rasu shekarar Kakalaba, watau yunwar 1913 zuwa 1914, ko shekarar Marisuwa, watau murar nan ta 1918, ko shekarar 'Yar Buhu, 1927. Wannan dabara ce mai kyau, har ma'aikatan ƙidaya sun yi aiki da ita. Amma in tsohon ya kau, sai shekarun su haɗe, jika ya ɗauki yunwar kakansa ya ba ubansa. Magana ta kan tsufa, rubutu ba ya furfura.

Na uku, lamba tana bin lamba. Kowane layi da lambarsa, ba a tsallakewa, don haka in an yage shafi ko an cusa suna daga baya, sai a gane. Wannan ƙaramin abu shi ya ke sa alƙali ya amince da littafi.

Na huɗu shi ne mafi girma, ko da ya ke waɗanda suka tsara shi ba su nufe shi ba. Ranakun binnewa in an jera su su kan yi magana. In majami'a ta saba binne mutum ɗaya cikin wata biyu, sa'an nan shafi guda ya cika cikin mako uku, ba sai likita ya gaya maka annoba ta shigo ba. Marisuwa ta sauka Ikko daga jirgin ruwa cikin Satumba 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa, an kuwa kimanta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya. Mai bin irin waɗannan littattafai daga gari zuwa gari yana iya bin sawun cuta kamar yadda maharbi ya ke bin sawun nama. A arewacin Namibiya, inda 'yan Mishan na ƙasar Finlan suka zauna tun 1870, masana sun ɗauki rajistar majami'u ta 1925 zuwa 1990, suka fitar da yadda haihuwa da mutuwa suka sāke cikin jama'ar Obambo.

Inda ya gaza

Yanzu kuma sai aibi, ba shi da kaɗan.

Na fari, ba gidan sanadi. Shafin ya gaya maka wane ya mutu, ya gaya maka yaushe, amma bai tanadi wurin faɗin abin da ya kashe shi ba. Sai in liman ya ga dama ya ɗan rubuta a gefe. A Ingila an toshe wannan kafa cikin 1837, da Gwamnati ta kafa rajistarta wadda a ke rubuta sanadin mutuwa. A ƙasarmu kuwa, inda agana da sanƙarau da ciwon barci su ke yawo, wannan gida shi aka fi bukata. A dubi Gimi. Da a ce kowane layi yana ɗauke da sunan cutar, da wurin da mamacin ya ke ɗiban ruwa, da littafin ya zama gargaɗi ga masu rai. Sai ƙarshen shekarun 1930 Gwamnati ta tashi haiƙan a kan ciwon barci a ƙasar Zazzau, aka sassabe bakin rafuffuka wajen Ancau, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Kafin nan Gimi ta riga ta zama kufai.

Na biyu, gidan shekaru. Bature ya zo da takardar haihuwarsa, nasa adadi daidai ne. Bahaushe kuwa kintata masa a ke yi, a dubi furfura a ce 60, a dubi gemu a ce 40. Kowane malamin haraji ya san wannan kintace. Saboda haka mai karatu in ya ga shekaru suna ƙarewa da sifiri ko da biyar, ya ɗauke su da sassauci.

Na uku, suna da mazauni. Sunan da a ke rubutawa shi ne na baftisma. Ga yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, aka tara su a gidan 'yantattu na Zungeru, cikin 1909 aka miƙa su ga Mishan a Rumasha, bakin Binuwai. Da yawansu an raba su da garuruwansu tun suna ƙanana. In irin wannan ya mutu, layinsa sabon suna zai ɗauka, sunan da uwarsa ta raɗa masa ya tafi ke nan. Gidan mazauni kuma inda mutum ya ke kwana ya ke nunawa, ba ya nuna inda aka binne cibiyarsa. A rubuta Sabon Gari, alhali mutumin Abekuta ne ko na Firitawun. Ba gidan sunan uba, ba na uwa. Mu kuwa da ba mu san mutum ba sai mun ce ɗan wane, wannan babban giɓi ne.

Na huɗu ya fi duka nauyi. Littafin na masu shiga ƙofa ɗaya ne. Bisa ƙa'idar littafin addu'ar Majami'ar Ingila na 1662, ba a karanta addu'ar jana'iza ga wanda ba a yi wa baftisma ba. Jaririn da ya koma kafin a kai shi majami'a, sau da yawa ba ya samun layi. Mai neman shiga da ya shekara yana koyo, in ajali ya riga baftisma, haka. Taron bishof-bishof na Lambet cikin 1888 ya hana a yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma, ba a sassauta ba sai 1988, don haka magidanta da yawa a bakin ƙofa suka tsaya har suka mutu. Balle Musulmi da Maguzawa, waɗanda su ne jama'ar ƙasa. Yunwar Kakalaba ta fi cin ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke jikin gona, mutane suka bar gidajensu suka nufi kudu, waɗansu suka faɗi a hanya. Mai albashi a Sabon Gari yana sayen hatsi ko da tsada. Wanda zai auna yunwan nan da littafin majami'a, sai ya ce ba a yi ta ba. Fitila ce mai haske ƙwarai, amma ɗaki ɗaya ta haskaka, sauran gida na cikin duhu.

Namu littattafan

Adalci ne mu ɗora namu bisa ma'aunin nan. Kada wani ya ce rubuta ranar mutuwa al'adar Nasara ce. Ibn Hallikan, wanda ya rasu cikin 1282, ya yi babban littafi a kan wafatin manyan mutane. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta tarihin malaman Malikiyya da shekarun rasuwarsu. Mun san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu cikin 1817, Sarkin Musulmi Bello cikin 1837, don an rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka. Tarihin Kano ya jera sarakuna tun daga Bagauda, da shekarun da kowanne ya yi. Sarki Alu da ya kori su Tugwel, mun san a Lakwaja ya rasu cikin 1926. Amma fa duk waɗannan na sarakuna ne da malamai. Manomi ba ya ciki.

Zamanin En'e an yi littattafai biyu da suka taɓa talaka. Akwai na haraji, wanda dagaci da malamin hakimi su ke bi gida gida. Wannan baligai maza masu biya ya fi kula da su, in mutum ya mutu sai a soke sunansa, ba rana, ba wata. An soke haraji da jangali a Jihar Kano cikin 1979, littafin ya bi su. Akwai kuma na gado a gaban alƙali, inda a ke rubuta dukiya da magada, a fitar da ushira. Wannan kuwa sai wanda ya bar abin rabo. Matar da ta mutu wurin haihuwa, da yaron da ƙyanda ta ɗauke, ba su cikin ko ɗaya. Mu kan yi wa mamaci wanka da likkafani da salla, mu kai shi da gaugawa, attajiri da matsiyaci duk ɗaya, a nan ba wanda ya fi mu. Sa'an nan mu kafa ice ko fasasshiyar tukunya, damina uku ta share.

Cikin 1992 aka yi doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya duka, aka ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Amma doka a takarda daban, aiki daban. Cikin Afrilu 2020 mutane suka yi ta mutuwa a birnin Kano, aka rasa littafin da za a buɗe a gwada da na bara. Sai masu haƙar kabari aka riƙa tambaya, ana bin gidaje ana jin yadda ciwo ya kama. Cikin Yuni Ministan Lafiya ya ce an lissafta mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 kuwa ana zaton cutar korona ce sanadi. In birni ya sha wannan wuya, ina ga ƙauye?

Hukunci

To, ga abin da ma'auni ya nuna. Littafin jana'iza na majami'un farko amintacce ne a kan rana da jeri, mai rauni ne a kan shekaru da asali, bebe ne a kan sanadi, makaho ne ga duk wanda ke bayan ƙofa. Mai tarihi ya karɓi shaidarsa a kan mutanen majami'a, kada ya karɓe ta a kan ƙasa duka. Waɗanda irin waɗannan littattafai ke hannunsu kuma su tsare su daga gara da yoyo, a ɗauki hotonsu shafi shafi, don layi ɗaya cikinsu ya kan zama shi kaɗai ne alamar wani bawan Allah ya taɓa taka ƙasa.

Mu kuwa, abin ɗauka shi ne tsarin, a gyara inda ya tauye. Littafi ɗaya a hannun liman ko mai unguwa ya isa. A ja gida tara: lamba, da suna, da sunan uba, da sunan uwa, da unguwa, da ranar rasuwa ta watan Musulunci da ta Bature, da shekaru, da ciwon da aka gani, da sunan mai shaida. A rubuta kowa, har jaririn da bai kai suna ba, har baƙon da ya sauka ya cika. Ƙarshen wata a kai wa dagaci, shi kuma ya kai ofishin rajista a Zakirai. Amfaninsa ba boyayye ba ne. Mai takaba ta san ranar da wata huɗu da kwana goma za su cika. Magada in sun tashi rabon gona, a san wanda ya riga wani, don gado a kan wannan ya ke juyawa. Maraya ya sami takardar da za a nema wurin fanshon ubansa. In yara biyar sun tafi cikin mako ɗaya a unguwa ɗaya, a sani tun kafin su zama hamsin.

An ce waiwaye adon tafiya, amma mai waiwaye sai ya bar sawu a baya. Allah ya ji ƙan magabatanmu, waɗanda aka rubuta da waɗanda ba a rubuta ba, ya sa mu cika da kyau da imani.